Rigar da Ta Ƙi Zama

"Wa ya aike ki ki faɗa masa?"

Gwaggo ce ta jefo wannan tambayar tun daga bakin ƙofar shago, ko sallama ba ta tsaya yi ba. Tela ta ɗage ƙafarta daga kan keken ɗinki, ƙarar ta mutu, ya rage sai kukan fankar sama da ta fi shekara tana neman gyara.

"Ina kwana, Gwaggo."

"Riƙe gaisuwarki, tambayarki nake yi. Saura mako biyar a ɗaura miki aure, kika kwashi ƙafa kika je kika zazzage wa yaron nan cikinki. Da kin yi shiru wa zai sani? A ɗaura tukuna mana, in ya so daga baya ya ji."

"Gwaggo, nono za a cire mini. Ba tabon ƙuna ba ne da zan rufe da hannun riga."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan bencin masu jiran ɗinki, ta ture tarin yaduka gefe. Ƙanwar mahaifin Tela ce, ita ta riƙe ta tare da ƙanwarta Auta tun ranar da Ummarsu ta rasu. Tana son yaran nan har cikin ranta, sai dai ita duk sonta ta hanyar faɗa yake fitowa. Yau ma faɗan take yi, amma idanunta sun kumbura, da gani ta sha kuka kafin ta fito.

Abin daga riga ya faro.

Wata takwas da suka wuce Tela ta ɗinka wa kanta riga, ta saka, sai ta ga gefen hagu ya ɗan ɗage, wuyan ya karkace. Ta farke ta sake, ya ƙi zama. To ita a hannun Ummarta ta koyi sana'a, kuma akwai dokar da Umma ta dasa mata tun tana riƙe almakashi da hannu biyu: in riga ta ƙi zama a jikin mace, kada ki kuskura ki ce jikinta ne, ki koma kan keke ki gyara aikinki. Da wannan dokar Tela ta yi suna. Mai tumbi, mai doro, mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, duk ta san inda za ta rage da inda za ta ƙara, mace ta fita daga shagonta tana yauƙi. Saboda haka da tata rigar ta karkace, sai ta yanko ɗan soso ta liƙa daga ciki a gefen dama, ɓangarorin biyu suka daidaita, ta ci gaba da harkarta.

Ba wai ba ta ji ƙullutun ba. Ta ji shi. Ranar da ta fara taɓa shi wajen wanka bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, mai tauri, ba ya motsi. Amma ba ya ciwo ko kaɗan. Abin da ba ya ciwo kuwa, wa zai kai shi asibiti ya bi layi, ga ɗinkin mutane jibge? Bayan wata biyu ta ƙara kaurin soson. Bayan wasu biyun ta sake ƙarawa.

Sai ranar da ta zo gwada rigar aurenta, wadda ta yi mako uku tana jera wa duwatsu ɗaya bayan ɗaya, ita ma da sosonta a ciki. Auta na riƙe mata madubi, sai yarinyar ta ce, "Yaya, me ya sami fatarki a nan? Ta yi kamar ɓawon lemo. Kuma dubi kan ya shige ciki."

Auta ce ta ja ta asibiti, tana kuka tana ja.

Likitar mace ce mai 'yar furfura a goshi. Ta duba, ta latsa har cikin hammata.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas, likita."

"Me ya hana ki zuwa?"

"Ba ya ciwo."

Likita ta cire gilashinta ta ajiye a kan tebur. "Ƙanwata, babu maganar da na gaji da ji a ɗakin nan kamar wannan. Shi wannan ciwon da farko yawanci ba ya zafi, shi ya sa yake cin mutane. Da kin zo yana kamar gyaɗar nan, da wata maganar muke yi yanzu. Akwai wadda ta taɓa yin irinsa a gidanku?"

Tela ta buɗe baki za ta ce babu, sai ta tuna Umma. Tana shekara sha huɗu lokacin, ita ke wanke tsummokaran da ake ɗaure mata ƙirji da su. A gida cewa aka yi ƙurji ne ya ƙi warkewa. Har aka binne ta babu wanda ya kira abin da sunansa.

"Da an faɗa muku sunan abin da ya kashe mahaifiyarku," in ji likita, "da tun tuni muke duba ki lokaci lokaci. Wannan ƙanwar taki ma kada ta yi nisa da mu."

Aka ɗauki hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura. Bayan mako biyu sakamako ya fito: sankara ce, ta riga ta kai hammata. Za a yi watanni ana sa mata magani ta jijiya, gashin kanta zai zube, sannan a cire nonon gaba ɗaya, sannan a bi wurin da na'ura mai ƙona ragowar cutar. Da ta tambayi maganar haihuwa, likita ta ce ba za ta yi mata alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Da ta tambayi maganar warkewa, ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu. Tela ta san irin wannan amsar, ita ma tana ba mai yadin da bai isa ba.

Jiya da la'asar ta je ta faɗa wa Injiniya.

Ba injiniyan komai ba ne, mai gyaran kekunan ɗinki ne. Ita ta laƙaba masa sunan saboda yadda yake shimfiɗa tsumma ya jera kusoshi a kai kamar mai shirin harhaɗa jirgin sama. Shekara huɗu suna tare. A rumfarsa ta same shi, ta tsaya ta faɗi komai ba ta rage ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya rufe fuskarsa da hannuwansa masu baƙin mai, kafaɗunsa suna rawa. Da ya ɗago duk fuskar ta yi dabbare-dabbare, ita kuwa ga kuka ga dariya na neman kamata.

"Su cire abin da za su cire," ya ce. "Abin da ya rage nawa ne."

Ta yarda da shi. Abin da ta sani kuma shi ne, Injiniya ba ya ɓoye wa Hajiyarsa komai. Shi kaɗai ta haifa, ita kaɗai ta raine shi tun mahaifinsa ya rasu.

"Yanzu ai uwarsa ta ji," Gwaggo ta ci gaba. "Kina tsammanin za ta bari? To ki saurare ni. Mai Yadi da ya daɗe yana neman aurenki bai ji ba tukuna. Shekara uku mutumin nan yana kawo miki kaya da ƙafarsa, alhali yana da masu kai wa wasu. Yana da halin da zai kai ki kowane asibiti. Ki ce kin amince, a yi abin cikin gaggawa, ki ja bakinki ki yi shiru."

"In sake ɓoyewa ke nan?"

"Rai nake nema miki, 'yar nan!"

"Ɓoyewa ce ta kashe Umma, Gwaggo. Ku kuka ce ƙurji ne."

Maganar ta fi ƙarfin Gwaggo. Ta miƙe tana gyara mayafi. "Mun yi ne don kada a ƙi aurenku," ta ce a hankali. Ta fita ba ta waiwayo ba, Tela kuwa ta ji kamar ta bi ta ta ba ta haƙuri, amma ba ta tashi ba.

* * *

Bayan azahar Hajiya ta iso.

Doguwar mace ce mai tsafta, ba ta ɗaga murya, kuma ba a taɓa jin ta maimaita magana sau biyu ba. Ta shigo da leda a hannun dama. Tela ta durƙusa ta gaishe ta.

"Tashi, 'yata. Mu shiga ciki ki auna ni. Ba na son maƙwabtanki su tsargu da abin da ya kawo ni. Kina aiki ina magana."

Suka shiga bayan labule, ɗan lungun da ake gwada kaya, inda madubi mai tsaga yake jingine, rigar auren Tela kuma tana rataye cikin leda a jikin ƙusa. Hajiya ta kalli rigar sau ɗaya ta kau da kai. Ta zaro leshi ruwan toka daga ledarta.

"Don bikinku na saye shi. Tunda na riga na saya, a ɗinka, na sa a wani wurin. Dama teloli uku sun ɓata mini kaya a shekarar nan, kowace riga sai ta karkace. An ce ke hannunki ba ya kuskure."

Na sa a wani wurin. Tela ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta ciro tef daga wuyanta, ta ɗora a kafaɗar Hajiya.

"Ban ƙi ki ba," Hajiya ta fara. "Allah ya sani ban taɓa ƙin ki ba. Yarinya ce ke mai ladabi, mai sana'a. Amma ɗa ɗaya gare ni. Jiya ya shigo mini kamar wanda aka yi wa mutuwa, ko ruwa bai sha ba. Da jinya zai fara aure? Abokansa na zuwa suna, shi yana zaune a barandar asibiti?"

"Hajiya, likita ta ce ana samun sauƙi."

"Ta ce za ki haihu?"

Tela ta sauke tef ɗin. Ta rubuta awon kafaɗa a takarda, hawaye ya ɗiga a kan lambar.

"Kin gani. In ma kin haihu, an ce abin a jininku yake. Mahaifiyarki, ga ki. In kika haifa mini jika mace fa? In zauna ina kallonta ina ƙirga mata shekaru?"

"Ba kowa ke gado ba, Hajiya. Kuma in an sani da wuri ana tarar abin. Wallahi ban ɓoye masa ba, da na so ɓoyewa da na ɓoye."

"Na sani. Shi ya sa na zo wurinki ban aiko ba. Ba zai ji tawa ba a wannan maganar, taki zai ji. In son gaskiya kike masa, ki sake shi. Ki ce ke kika fasa."

Tela ta durƙushe tana auna tsawon siket, sai kukan ya ƙwace mata. Ta riƙe gefen zanin Hajiya.

"Ki tausaya mini, Hajiya. Ba ni da uwa. Mako mai zuwa za a fara sa mini magani, an ce ko tsayuwa sai an riƙe ni. Kullum in na tuna abin da ke gabana, shi nake tunawa in ji zan iya. In kika ɗauke shi me zan riƙe?"

"Ki riƙe Allah." Muryar Hajiya ta ɗan karye, amma ba ta sunkuyo ba. "Ni ma uwa ce, 'yata. Tashi ki ƙarasa."

Tela ta tashi. Ta share fuska da bayan hannu. Saura awon ƙirji.

"Ɗaga hannuwanki, Hajiya."

Na dama ya tashi. Na hagu ya zo rabi ya tsaya.

"Sanyi ne ya kama mini kafaɗa. Auna haka nan."

Tela ta zagaya tef ta baya ta kawo gaba. Tef ɗin ya ƙi kwanciya daidai, ya hau sama ta hagu. Ta gyara, ya sake hawa. Ta sa hannu za ta daidaita shi, sai bayan yatsunta ya gogi wani abu mai tauri kamar dutse a ƙarƙashin rigar. Ta san wannan taurin. Kullum da safe tana taɓa irinsa. Sai dai nata bai kai rabin wannan ba.

Ta wuyan rigar ta hango hankici a ninke an cusa, gefensa da ɗan tabo ja.

Tela ta ɗago kai ta dube ta.

"Hajiya, tun yaushe wannan gefen yake haka?"

Hajiya ta ja baya da sauri ta kama wuyan rigarta. "Auna ki na ce, ba bincike ba."

"Ba telolin ne suka ɓata miki kaya ba. Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne. Shekara ɗaya da wani abu." Ta ɗaga kai. "Ba ya ciwo."

Tela ta dafa bango. Maganar da ta faɗa wa likita ce take ji a bakin wata.

"Nawa ma ba ya ciwo, Hajiya."

"Kul! Kada ki haɗa ni da ke. Mu babu wannan a danginmu kaf. Na wuce shekara sittin, na shayar, na gama. Me zai kawo shi wurina?"

"Likita ta ce yawancin masu zuwa wurinta babu kowa a danginsu. Ta ce girma ma yana kawo shi. Hammatarki ta kumbura, ko? Shi ya hana hannun tashi. Don girman Allah ki je a duba. Gobe ma likitar tana zama, ni zan raka ki."

"In je a yanka ni? Yaron nan ya ji da naki ya ji da nawa? Kashe shi kike so ki yi?"

Fanka na ta kukanta a waje. Hajiya ta daɗe tana kallon rigar auren da ke jikin ƙusa, sannan ta juyo, ta sassauta murya.

"An ce kin iya sa soso a riga, babu mai ganewa."

Tela ta naɗe tef ɗin a hannunta.

"Ki sa mini. Ki ɗinka leshin nan ya zauna daidai, ki ja bakinki, kada ɗana ya ji ko da wasa. Ni kuma na janye maganata. A yi bikin a ranar da aka sa. Zan sa rigar in zauna a gaba, in riƙe ki kamar ni na haife ki."

Abin da Tela ta durƙusa tana roƙo ɗazu, ga shi an miƙo mata. Kuma kada a yi mata ƙarya, ta so shi. Ta so shi har hannunta ya kai kan kwandon da take tara guntayen soso, ta ɗauko ɗaya, ta juya shi, idonta ya riga ya auna kaurin da zai isa. Aikin minti goma ne. Wa zai zarge ta? Babbar mace ce ta ce a rufa mata asiri.

"Salamu alaikum. Tela? An ce an ga Hajiya ta shigo nan."

Injiniya ne, yana haki, da alama gudu ya yi daga rumfa.

Hajiya ta yafa mayafinta, ta ɗage labule ta fita da murmushi. "Ga ni. Kwantar da hankalinka, mun gama magana da 'yata. Na amince. Allah ya ba ta lafiya, ya sa a yi da mu."

Injiniya ya saki jakar kayan aikinsa, kusoshi suka watse a ƙasa. Ya durƙusa ya kama ƙafar mahaifiyarsa yana godiya, yana dariya, hawaye na zuba. Ya ɗago ya dubi Tela da fuskar da ta shekara huɗu tana so.

"Kin ji? Tela, kin ji?"

Ta ji. Tana tsaye a bakin labule da soso a hannu. Ta tuna tsummokaran Umma a kan igiya. Ta hango ranar da wannan mutumin zai tsaya a gaban wata likita a tambaye shi me ya hana su zuwa, ita kuma tana gefensa ta san amsar.

"Injiniya," ta ce, "ka kai Hajiya asibiti gobe da safe. Abin da ke jikina yana jikinta, nata ya fi nawa nisa."

Murmushin Hajiya ya ɗauke.

"Ka ji ko? Ka ji irin matar da ka kawo mini? Don na ce ta bar ka shi ne take mini baki. Ciwonta take so ta jefa mini!"

"Hajiya, ɗazu kika ce kin amince…"

"Na janye! In ka sake taka ƙofar shagon nan, ban yafe maka ba."

Injiniya ya miƙe a hankali. Ya dubi uwarsa, ya dubi Tela, ya rasa wadda zai yarda da ita. Ganin wannan shakkar a idonsa ya fi wa Tela zafi a kan duk abin da likita ta faɗa mata.

"Ka tsane ni in ka ga dama," ta ce. "Amma ka ce ta ɗaga hannunta na hagu."

Ya juya. "Hajiya, ɗaga in gani."

Hajiya ba ta motsa ba.

"Don Allah, Hajiya. Ɗaga kawai, in san ƙarya take yi."

Hannun ya taso kaɗan, ya zo rabi, ya tsaya yana rawa. Hajiya ta sauke shi, ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta suka fara girgiza.

Injiniya ya matsa kusa. Ya tallabi mahaifiyarsa ta gefen dama, kamar mai ɗaukar abin da zai fashe. A bakin ƙofa Hajiya ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Zan je asibitin," ta ce. "Amma muddin ina numfashi, wannan yarinyar ba za ta shiga gidana ba."

Tela ta jira ya waiwayo. Ya ɗan tsaya, wuyansa ya motsa kamar zai juyo, sai Hajiya ta jingina da shi, suka fita. Jakarsa da kusoshinsa suna nan a ƙasa inda ya bar su, leshin ruwan toka yana kan benci.

Ta tsince kusoshin ɗaya bayan ɗaya ta jera su a kan tsumma yadda yake jerawa. Sannan ta shiga bayan labule ta sauko da rigar aurenta, ta juya cikinta waje, ta ɗauki reza ta fara farke soson.